Zakami Da Dangoginsa: Sai Yaushe “Ana Zargi” Zai Koma “An Tabbatar”?

Duk mai bin labarun jaridu da gidajen rediyon ƙasar nan ya san wata jimla da ba ta tsufa. Da zarar an ce mutane sun sha shayi ko zoɓo ko kunu a wurin biki sun zube, ko kuwa wani magidanci ya ɗirki jiƙon maganin basir ya fita hayyacinsa, abin da za a ji shi ne, “ana zargin an sa musu zakami,” ko “ana kyautata zaton maganin ne ya yi masa yawa.” Haka aka ji a shekarar 2023, lokacin da jaridu suka ɗauki labarin wasu matasa da suka rasu bayan shan shayi a wajen wani biki a birnin Kano. A matsayina na wanda sana'arsa ita ce nazarin harshe, wannan “ana” ɗin ta daɗe tana ɗaukar hankalina. Kalma ce da Bahaushe ke laɓewa a bayanta idan ba ya son faɗin wanda ya yi abu, ko kuma idan babu wanda zai tsaya ya ɗauki nauyin maganar. Wane ne ke zargin? Da wace hujja? Bayan kwana biyu labarin ya bi ruwa, a yi wa waɗanda suka rasu sutura, a sallami waɗanda suka farfaɗo, zargi kuwa ya ci gaba da zamansa a matsayin zargi. Alhali Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Abin da nake son mu tattauna da mai karatu a yau shi ne hanyar da ake bi a fitar da irin wannan magana daga duhun zato zuwa hasken tabbas, wato binciken ɗakin gwaje-gwaje, da kuma dalilin da ya sa mutumin karkara, kamar na garinmu Mashi da maƙwabtanta irin su Mani, Dutsi, Daura, Mai'aduwa, Zango da Baure, ya fi kowa buƙatar wannan hanya, ya kuma fi kowa nisa da ita. Mashi tana kan hanyar Katsina zuwa Daura, ƙasarta ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar, kuma saiwoyi da sassaƙe da garin magani suna ƙetare wannan iyaka safe da yamma kamar yadda gero da dabbobi ke ƙetarewa. A ƙauyukanmu, mai maganin gargajiya shi ne likitan farko, sau da yawa ma shi ne na ƙarshe. Saboda haka maganar auna abin da ke cikin jiƙo da tsimi magana ce ta rai da mutuwa.

Bari mu fara da zakami, domin shi ne ya fi yin suna. Tsiro ne da ke fitowa da damina a juji da bayan gari da kufai, yana da farin fure mai kama da bakin kakaki, da 'ya'ya masu ƙaya kamar bushiya, cikinsu cike da ƙananan ƙwayoyi. Masana tsirrai suna kiran danginsa Datura. Kakanninmu sun san halinsa sarai, shi ya sa suka laƙaba masa suna “haukata yaro,” sunan da shi kaɗai ya isa gargaɗi. Yarbawa suna ce masa gegemu, a Nijar kuma matasa na kiransa sobi-lobi, har ma a shekarar 2000 wasu likitocin ƙasar suka wallafa rahoto a kan mutum huɗu da ya kwantar. An daɗe ana amfani da shi a gargajiyance, musamman hayaƙin ganyensa ga masu asma, sai dai a zamanin nan ya fi shahara a hannun matasa masu neman maye, da masu zuba shi a abin sha da sunan wasa ko mugunta. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a shekarar 2018 ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da kayan maye a Nijeriya, kimanin miliyan 3 daga cikinsu a shiyyar Arewa maso Yamma. A irin wannan yanayi, tsiron da ke bugarwa kuma ba a saye da ko sisi ba zai rasa masu nema ba.

Abin da ke ba zakami ƙarfinsa wasu sinadarai ne da ake kira alkaloyid. Kalmar tana da tarihi mai ban sha'awa. Wani Bajamushe masanin haɗa magunguna, Carl Meissner, shi ya ƙirƙiro ta a shekarar 1819, tushenta kuwa Larabci ne, wato “al-ƙali,” tokar tsirrai, irin wadda matanmu ke tacewa su sami ruwan toka. An ba su wannan suna ne saboda halinsu ya yi kama da na toka da kanwa, masu kashe tsami. Mai karatu ya san alkaloyid ko da bai san sunan ba. Shi ne abin da ke hana barci a cikin goro da shayi, shi ne abin da ke kama mai shan taba har ya kasa bari, shi ne ɗacin kwinin, wanda Faransawa biyu, Pelletier da Caventou, suka tato daga ɓawon itace a 1820. Gwaska ma, wadda aka riƙa shayar da wanda ake tuhuma a zamanin da, alkaloyid ne makaminta. Biyu daga cikin na zakami su ne atirofin da sikofolamin. Abin mamaki, waɗannan biyun magunguna ne da asibiti ke ji da su. Da atirofin ake ceto wanda ya sha fiya-fiya, da shi likitan ido ke buɗa ƙwayar ido don ya duba ciki, sannan daga dangin sikofolamin ake yin Buscopan, maganin murɗar ciki da kusan kowa ya sani. Zuma ke nan, ga zaƙi ga harbi. Abin da ya raba magani da guba a nan shi ne awo.

To, a wajen awon ne gizo ke saƙa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da motar masu tallar magani a ranar kasuwa ya ji yadda ake bayanin sha ta lasifika: “tsunkule ɗaya,” “cikin tafi,” “ɗan kaɗan,” “kofi ɗaya safe da yamma,” ko “a sha har sai an ji a jiki.” Tafin wa? Kofin wane gida? Waɗannan kalmomi sun wadatar a kicin, inda gishiri in ya yi yawa miya kawai za ta ɓaci, amma ba su wadatar ba a kan sinadarin da ake aunawa da kashi ɗaya cikin dubu na giram. Bugu da ƙari, ko da tafin kowa ɗaya ne, tsiron kansa ba ya tsayawa a ƙarfi ɗaya. Yawan alkaloyid yana canzawa daga ganye zuwa ƙwaya zuwa saiwa, daga wannan fili zuwa wancan, daga farkon damina zuwa kaka. Jiƙon da ya yi wa mutum daidai bara yana iya kayar da shi bana, ba tare da mai maganin ya sauya komai ba. Tafasawa ma ba ta kashe waɗannan sinadarai. Sai kuma wata al'ada ta magana da ta fi duka haɗari. Idan mai shan magani ya fara jiri ko amai ko sambatu, sai a ce “maganin ya fara aiki,” ko “cutar ce ke fita.” Da wannan fassara, alamar da ya kamata ta sa a ruga asibiti ita ce ke sa a ƙara masa wani kofin.

Alamun gubar zakami sanannu ne ga likitoci. Cikin rabin awa zuwa awa guda baki zai bushe, fata ta yi zafi ba gumi, baƙin ido ya buɗe har haske ya dami mutum, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, fitsari ya ƙi fita. Daga nan sai ruɗewa: mutum ya yi ta magana da waɗanda ba a gani, yana tsintar abin da babu a jikin tufafinsa, wani ya tuɓe, wani ya zabura da gudu. In abin ya yi tsanani sai jijjiga da doguwar suma, wani lokaci har rai ya yi halinsa. Yanzu mai karatu ya dubi waɗannan alamu da idon mutumin ƙauye. Zafin jiki da sambatu da jijjiga, ai wannan ita ce siffar zazzaɓin cizon sauro idan ya hau kai, ita ce kuma siffar sanƙarau a lokacin bazara. Magana da waɗanda ba a gani kuwa, nan take za a ce iska ce ta buge shi, a nufi gidan mai ruƙiyya ko boka. Ko a asibiti, idan ma'aikacin lafiya bai yi tunanin guba ba, yana iya yi wa mai fizge-fizge irin allurar kwantar da masu taɓin hankali, alhali wasu daga cikin irin waɗannan allurai suna da hali irin na zakami, sai su ƙara wa wuta fetur. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ta yaya ɗakin gwaji ke kama wannan ɓarawo? Tarihin abin ya faro ne daga wata shari'ar kisan kai a ƙasar Beljiyam. A shekarar 1850 wani basarake mai suna Bocarmé ya kashe ɗan'uwan matarsa saboda kwaɗayin gado, ta hanyar ɗura masa ruwan nikotin da ya tato daga ganyen taba. A wancan lokaci an riga an san yadda ake gano gubar ƙarfe irin su asanik a jikin mamaci, amma an ɗauka gubar tsirrai ba ta barin sawu. Wani masanin kimiyya, Jean Servais Stas, ya yi watanni yana aiki a kan kayan cikin mamacin har ya fitar da nikotin ɗin a fili, aka kuma yanke wa basaraken hukuncin kisa a 1851. Dabarar Stas mai sauƙin fahimta ce. Alkaloyid yana narkewa a ruwa mai tsami. Idan aka zuba wa ruwan abin da ke kashe tsami, dangin kanwa, sai ya fice ya koma cikin wani ruwan sinadari da ba ya gauraya da ruwa, kamar yadda mai ke tasowa saman ruwa. Da wannan kai-da-komo ake raba shi da sauran tarkacen jini ko abinci. Har yau a kan wannan harsashi ake gini.

Bayan an ware shi, akwai matakai hawa-hawa. Na ƙasa shi ne gwajin launi. Akwai ruwan gwaji na Dragendorff, wanda ke komawa ruwan goro idan ya haɗu da alkaloyid, akwai kuma gwajin Vitali, wanda ke ba da launin shunayya idan dangin atirofin ne. Mataki na gaba shi ne a ɗiga samfurin a gindin wani faranti mai shafe da farin gari, a tsoma ƙasansa cikin ruwan sinadari, ruwan ya riƙa hawa yana jan abubuwan da ke ciki. Kowane sinadari da irin gudunsa, kamar dawakai a filin sukuwa, sai a gwada inda ya tsaya da inda atirofin na ainihi ya tsaya. Waɗannan biyun ba su da tsada, ɗaliban kimiyyar haɗa magunguna a jami'o'inmu suna yin su a aji. Sai dai ba su isa hujja a gaban alƙali ba, domin wani sinadarin yana iya kwaikwayon launin wani. Hujja yankakkiya tana wurin manyan na'urori da ake kira GC-MS da LC-MS, waɗanda ke tace sinadarai ɗaya bayan ɗaya, su auna nauyin ƙwayar kowanne, su farfasa ta, su karanta gutsattsarin kamar yadda ake karanta zanen yatsa. Su ne ke faɗin sunan guba da yawanta. Suna da tsada, suna son wutar lantarki da ba ta yankewa, da iskar gas ta musamman, da ƙwararren da ya san harshensu.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata kowa ya sani a nan. Na farko, ɗan tsinken gwajin fitsari da ake amfani da shi don gano masu shan wiwi ko kodin ba ya ganin zakami. Ana iya gwada yaron da zakami ya bugar a ce ba a ga komai ba, iyaye su koma gida da tabbacin cewa aljanu ne. Na biyu, lokaci ba ya jira. Jiki yana fitar da atirofin daga jini cikin 'yan awoyi, a fitsari ne yake ɗan jimawa, kwana ɗaya zuwa biyu. Saboda haka shaidar da ta fi kowace daraja ita ce wadda muka fi saurin zubarwa: fitsarin farko, aman da aka rufe da ƙasa, ragowar shayin da ke cikin tukunya, ƙullin garin maganin da aka jefa a masai don tsoron 'yan sanda. Ko ƙwayoyin tsiron da aka tsinta a cikin amai sun isa masanin tsirrai ya faɗi sunan abin da aka ci. Mu kuwa abin da muka fara yi bayan tashin hankali shi ne wanke tukunya.

Domin mai karatu ya ga cewa maganar ta wuce ta 'yan shaye-shaye, ga abin da ya faru a Yuganda. A watan Maris na 2019, a yankin Karamoja, mutum kusan 300 suka kwanta, biyar suka rasu, bayan sun sha kunun wani garin abinci mai gina jiki da Hukumar Abinci ta Duniya ta raba wa mata da yara. Gwaje-gwajen farko sun nemi ƙwayoyin cuta da gubar ƙarfe da maganin ƙwari, ba su sami amsa mai gamsarwa ba. Sai da aka kai samfura Amurka da jami'ar Queen's da ke Belfast, sannan aka gano atirofin da sikofolamin a cikin garin. Ƙwayoyin zakami ne suka shiga cikin amfanin gona tun wajen girbi aka niƙe su tare. Wannan ya shafe mu kai tsaye, mu da abincinmu gero ne da dawa. Tarayyar Turai ta ɗauki abin da muhimmanci har ta kafa doka, wadda ta fara aiki a watan Satumba na 2022, cewa gero ko dawar da za a sayar a can kada waɗannan sinadarai biyu su wuce kashi 5 cikin biliyan ɗaya. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A gida Nijeriya ma muna da darussa, ko da yake ba duka ne na tsirrai ba. A ƙarshen 2008 jarirai suka riƙa mutuwa da ciwon ƙoda a Legas da Ibadan da Zariya, har adadin ya kai 84. Gwaji ne ya nuna cewa maganin haƙoran yara mai suna My Pikin na ɗauke da wani sinadari mai guba na masana'antu, aka janye shi daga kasuwa, kotu kuma ta hukunta masu laifi a 2013. A 2010 yara suka yi ta jijjiga suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, ana ta ba su maganin zazzaɓi ba sauƙi, har sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta aika da jininsu Jamus, aka gano gubar dalma ce daga dutsen zinare da ake daka a cikin gidaje. Yara fiye da 400 ne suka rasu. A watan Maris na 2021 kuma, ɗaruruwan mutane suka kwanta a Kano suna fitsarin jini bayan shan wani lemo, gwamnatin jihar ta ce mutum 10 sun rasu, hukumar NAFDAC ta bincika ta ce wani sinadari ne mai suna haidiroksilamin aka sayar wa jama'a da sunan ɗan tsami. Darasin waɗannan masifu guda ne. A kowannensu mutuwa ba ta ja da baya ba sai ranar da ɗakin gwaji ya kira makashin da sunansa. Sannan a kowannensu sai da gawarwaki suka yi yawa kafin a waiwayo. Wanda ya sha jiƙo ya mutu shi kaɗai a wani ƙauyen Mashi, babu mai aika jininsa Jamus.

Akwai wani abin da ke sosa mini rai a tarihin wannan fanni. Makarin gubar zakami da duniya ta sani daga Nijeriya ya fito. Wani wake ne da ke fitowa a yankin Kalaba, wanda mutanen Efik ke kira esere, suna shayar da shi ga wanda ake tuhuma da maita, kamar yadda ake yi da gwaska. Turawa suka kai shi Ingila da Sikotilan suka yi nazari, a 1864 aka tato alkaloyid ɗinsa, fisostigmin, kuma a wannan shekarar wani likita a birnin Farag ya ceci fursunan da ya sha atirofin da ruwan wannan wake. A 1935 wani Baƙar fatan Amurka, Percy Julian, ya haɗa shi a ɗakin gwaji ba tare da waken ba. Ga tsiro namu, ga sanin gargajiya namu, amma awo da rubutu da riba na wasu. Har yau likitoci suna amfani da wannan makari cikin taka-tsantsan ga wanda abin ya yi wa tsanani, tare da gawayin asibiti mai tsotse guba, da sanyaya jiki, da maganin jijjiga. Madara da manja da cusa yatsa a maƙogwaro, waɗanda muka saba da su, ba sa karya wannan guba, suna ma iya sa wanda ya ruɗe ya shaƙe.

Na san wani zai ce wannan duk shiri ne na 'yan boko don a tozarta maganin gargajiya. Ina ganin akasin haka ne. Kwinin daga itace ya fito. Maganin zazzaɓin da muke sha a yau daga wani ganye na ƙasar Sin ya fito, wanda ya sa aka ba Tu Youyou kyautar Nobel a 2015. Niprisan, maganin amosanin jini da cibiyar binciken magunguna ta Idu a Abuja ta samar, daga hannun mai maganin gargajiya aka karɓo asalinsa. Gwaji ne ya ɗaga darajar waɗannan duka. Haka kuma ɗakin gwaji yana wanke mai gaskiya kamar yadda yake kama mai laifi. Mai shayin da aka ce ya sa wa mutane guba, amaryar da aka ce ta kashe angonta, kishiyar da ake nunawa da baki a unguwa, mai maganin da matasa suka ƙona wa rumfa, da yawansu ba su da mai cetonsu sai takardar sakamakon gwaji. Yana da kyau kuma jama'a su fahimci lambar NAFDAC da ke jikin kwalaben maganin gargajiya. Wadda ta ƙare da harafin L tana nufin an duba cewa maganin ba ya cutarwa idan aka sha yadda aka rubuta, ba ta nufin hukumar ta tabbatar yana warkar da cututtukan da ake lissafawa a lasifika. Mafi yawan abin da ake sayarwa a ƙulli da jarka a kasuwannin ƙauye ma bai taɓa kusantar hukumar ba.

Wani kuma zai ce, jihar da ke fama da tamowa da zazzaɓi da matsalar tsaro ina ta ga kuɗin irin waɗannan na'urori? Tambaya ce mai ma'ana, amsarta kuwa ita ce ba kowane asibiti ne ke buƙatar babbar na'ura ba. Abin da ake buƙata tsani ne, kowane mataki da aikinsa. Na farko, kowane babban asibiti da cibiyar lafiya a shiyyar Daura su sami kwalaben ɗaukar samfur, da firji mai aiki da hasken rana, da takarda guda mai bayanin alamun guba da abin da za a adana. Na biyu, Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Daura su haɗa hannu da sassan kimiyya na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma domin gwajin launi da na faranti, wanda zai ba likita haske a rana guda. Na uku, gwamnonin Arewa maso Yamma su haɗa kuɗi su tsayar da cibiya ɗaya mai manyan na'urori, su jingina ta da Jami'ar Ahmadu Bello ko Jami'ar Bayero ko ɗakin gwajin NAFDAC na Kaduna, da sharaɗin cewa samfurin talaka ba zai jira sai an biya ba. Na huɗu, a buɗe layin waya na ba da shawara kan guba, dare da rana, da Hausa da Fulatanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a farkon 2023 ƙasashen da ke da irin wannan cibiya ba su kai rabin mambobinta ba, kuma Afirka na cikin inda giɓin ya fi faɗi.

Mu ma masu nazarin harshe akwai namu kason. Tun 1916 Dokta J. M. Dalziel ya wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa, Bargery ya zuba ɗaruruwansu a ƙamusunsa na 1934. Amma tsiro ɗaya yana iya samun suna uku tsakanin Katsina da Daura da Damagaram, suna ɗaya kuma ya hau kan tsirrai biyu, ɗaya magani ɗaya guba. Likitan da aka ce wa “saiwar kaza ya sha” yana buƙatar littafi mai hotuna da zai gaya masa ko wace ce, kuma mece ce a cikinta. Wannan aiki ne na masana harshe da masana tsirrai da sarakunan magani, su zauna a tabarma ɗaya, domin da ɗan gari akan ci gari. Ƙungiyoyin masu maganin gargajiya, da taimakon hakimai da dagatai, su wajabta wa 'ya'yansu cokali da kofi na bai ɗaya, da faɗin abin da ke cikin haɗi, da daina ba jarirai da masu ciki abin da ke bugarwa. Malamanmu kuma su yi wa jama'a bayani a kan ɗibar jini ko fitsari da allura daga jikin wanda ya rasu ta hanyar da ake shakka, abin da ba ya buƙatar yanka gawa, ba ya kuma jinkirta jana'iza. Manoma su tuge zakami daga gona da masussuka kafin girbi.

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan jarida, waɗanda a bakinsu “ana zargi” ta fi yawo. Idan kwamishina ko kakakin 'yan sanda ya ce an aika da samfur don bincike, a rubuta ranar, a koma bayan mako biyu a tambaye shi sakamako, a kuma buga amsar ko rashinta. Ga iyaye da 'yan'uwa kuwa, duk ranar da wani ya ruɗe bayan ya ci ko ya sha wani abu, a garzaya da shi asibiti, a tafi da ragowar abin da ya sha da ƙullin maganin da aka ba shi, kada a wanke tukunya, kada a ɓoye wa likita gaskiya don jin kunya. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya kare mu da zuriyarmu, Ya kuma ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace.